Wai wa ke riƙe da akalar Sudan a waje?

Ustaz Haruna (Madani):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau ina so mu ɗan huta da zancen tsadar kaya, mu taɓa wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ku dubi yadda muka yi da Iran kawai. A farkon mulkin Bashir ba mu da aminiya kamarta, har Rafsanjani ya zo Khartum a 1991 aka cika tituna ana tarbarsa. A 2014 aka wayi gari an rufe cibiyoyin al'adunta. A 2015 muka tura sojoji Yaman. A Janairun 2016 muka yanke hulɗa da ita gaba ɗaya, saboda an kai wa ofishin jakadancin Saudiyya hari a Tehran, alhali namu ofishin babu wanda ya taɓa shi. Sai ga shi a Oktoban 2023, wata shida da ɓarkewar yaƙi a ƙasarmu, an maido da hulɗar. Laifin me Iran ta yi mana a 2016, kuma wane gyara ta yi a 2023? Ni ban ga ko ɗaya ba. Wanda muke miƙa wa hannu ne ya canja.

Ko ku ɗauki ƙarshen 2017. A Oktoba Amurka ta ɗage mana takunkumin da ta ƙaƙaba tun 1997. A Nuwamba Bashir yana Sochi a gaban Putin yana roƙon a kare shi daga Amurkar nan. A Disamba Erdogan ya zo aka ba Turkiyya tsibirin Sawakin ta gyara, abin da ya tayar da hankalin Masar da mutanen Tekun Fasha. Duk cikin wata uku. Tambayata ita ce: ƙasar nan tana da abin da take so a duniya kuwa, ko duk wanda ya biya kuɗin burodin watan shi ke faɗa mana inda za mu fuskanta?

Usman mai tumaki (Gadarif):
Wa alaikumus salam Ustaz. Ni dai ban ga abin kunya a nan ba. Ƙasa bakwai ke kewaye da mu: Masar, Libiya, Chadi, Afirka ta Tsakiya, Sudan ta Kudu, Habasha da Eritriya. Ga Bahar Maliya, ga Saudiyya a ɗaya gaɓar. Wanda yake zaune a irin wannan wuri ba zai rungumi mutum ɗaya ya ce shi kenan ba. Mu a kasuwa, mai ciniki da mutum ɗaya shi ake karya wa farashi.

Baffa Idi (Kasala):
Yara, ku bari in faɗa muku abin da muka gani da idonmu. Ba haka ƙasar nan take ba tun asali. A 1967, bayan Isra'ila ta ci Larabawa da yaƙi, a Khartum shugabanninsu suka taru. A nan aka ce babu sulhu da Isra'ila, babu amincewa da ita, babu zama da ita. Kuma a gidan Firaminista Muhammad Ahmad Mahjub aka haɗa Jamal Abdunnasir da Sarki Faisal suka sasanta kan rikicin Yaman. Ku lura, Yaman ɗin nan da daga baya muka tura 'ya'yanmu su mutu a cikinta, mu ne muka raba faɗanta a da. Muna yara a lokacin, a gindin rediyon wani mai shayi muke jin labarin, manya suna ta kabbara. A lokacin Sudan ake zuwa neman sulhu. Yanzu mu ake kira Jidda da Janeba a sasanta mu.

Ustaz Haruna (Madani):
Allah Ya ƙara wa Baffa lafiya. Maganar 1967 gaskiya ce, amma ka koma baya da shekara takwas. A 1959 gwamnatin Abbud ta sa hannu a yarjejeniyar ruwan Nilu: Masar ta ɗauki kubik mita biliyan 55.5, mu biliyan 18.5. Aka yarda a gina madatsar Aswan, ruwa ya shanye Wadi Halfa da dabinonta da kaburburanta, aka kwaso mutane kusan 50,000 a jirgin ƙasa zuwa Khashmul Girba, kusa da ku can. Diyyar da Masar ta biya fam miliyan 15 ce. Shekara uku kacal da samun 'yanci fa. Don haka ciwon ya girmi Bashir.

Baffa Idi (Kasala):
Wannan haka yake, ɗana. Halfawa maƙwabtanmu ne, tsofaffinsu har suka mutu suna zancen tsohon garinsu. Amma aƙalla da wannan yarjejeniya aka gina madatsar Rusairis da ta Girba. An samu wani abu a hannu. Ka faɗa mini abin da aka samu a Yaman.

Musa (Riyad):
Baffa, ni zan faɗa maka. Ƙanina ya je. Ya dawo da kuɗin da ya sayi raksha biyu, wato babur mai ƙafa uku, ya gina ɗaki ya yi aure, unguwa duk aka ɗauka, samari suka riƙa neman wanda zai sa sunansu a jerin masu tafiya. Abokinsa da suka tafi tare ko gawarsa ba a kawo ba, kuɗi aka aiko wa mahaifiyarsa. Har yau idan ka tambayi ƙanin nawa me ya haɗa shi da Husawa, 'yan tawayen Yaman da aka tura su yaƙa, dariya yake yi ya ce aiki ne. Hamdok, firaministanmu na lokacin, da bakinsa ya faɗa a Disamban 2019 cewa sojojinmu a can sun kai 15,000 kafin a rage su zuwa 5,000. Wace majalisa ce ta zauna ta amince da tura su?

Malam Bala (mai kula da zaure, Makka):
Jama'a, muhawara ta yi daɗi, amma ina tunatar da waɗanda ke zaune da iƙama su auna bakinsu. Zancen gwamnatinmu muke yi. Masu masaukinmu a bar su.

Hajiya Asabe (Jidda):
Malam Bala ka yi gaskiya, kuma abin da ya sa ka faɗi haka shi ne ainihin maganar. Mu da ke waje mu ke biyan bashin da ba mu ci ba. A 1990 da Saddam ya shiga Kuwaiti, gwamnatin Khartum ta ƙi tsayawa tare da ƙasashen nan, aka ɗauke ta a matsayin 'yar goyon Iraƙi. Su suna can suna zanga-zanga da jawabai masu zafi a rediyo, mu muna nan. Marigayi maigidana direba ne a wani kamfani. Kafilinsa mutum ne mai kirki, amma da lokacin sabunta iƙama ya yi sai ya fara cewa a dawo gobe, a dawo jibi. A layinmu gidaje da yawa suka ɗaure kaya. Na ga mace tana sayar da firji da injin wanki a rabin kuɗi, tana kuka, yaranta ba su taɓa ganin Sudan ba. Mutanen Yaman ma abin ya fi muni, dubu ɗaruruwa suka bar ƙasar nan. Babu wanda ya tambaye mu kafin a ɗauki wancan matsayi, kamar yadda babu wanda ya tambayi uwar abokin ƙanin Musa a 2015. Wancan karon an ɓata wa mutanen nan rai mun sha wuya, wannan karon an faranta musu mun sha wuya.

Usman mai tumaki (Gadarif):
Hajiya, Allah Ya jiƙan Alhaji. Amma labarinki ai ni yake goya wa baya. A 1990 ne gwamnati ta yi abin da Ustaz yake so, ta ce ita mai cin gashin kanta ce, za mu ci abin da muka noma mu sa abin da muka saƙa. Me ya biyo baya? Aka sa mu cikin jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci a 1993, takunkumi a 1997, aka jefa wa masana'antar magunguna ta Shifa makami a 1998. Shekara ashirin ɗan kasuwa ba ya iya tura kuɗi ta banki kai tsaye, sai ta Dubai ko ta hannun wani. Ni tumakina daga nan Sawakin suke bi su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Idan Riyad ta rufe ƙofa wata ɗaya a gab da aikin hajji, makiyayan Butana da Kurdufan sun shiga uku. Girman kai ba ya sayen dusa.

Ustaz Haruna (Madani):
Usman, ba na cewa a yi wa duniya girman kai. Kuma abin da aka yi a farkon shekarun 1990 ba cin gashin kai ba ne, ubangida aka canja. An buɗe ƙofa ga Usama bin Ladan daga 1991 zuwa 1996, da matsi ya zo aka sallame shi. An ɓoye Carlos, ɗan ta'addan da Faransa ke nema, a 1994 aka miƙa shi ga Faransa. Wanda ya san abin da yake so ba ya karɓar baƙo yau ya sayar da shi gobe. Numairi ma haka ya yi: ya hau a 1969 yana tare da Tarayyar Sobiyet, bayan yunƙurin juyin mulkin 1971 ya kashe shugabannin 'yan gurguzu ya koma wajen Amurka, ya mara wa Sadat baya lokacin da sauran Larabawa suka juya masa baya kan sulhun Camp David da ya yi da Isra'ila, daga ƙarshe ta ƙasarmu aka kwashe Yahudawan Falasha zuwa Isra'ila a 1984 da 1985, daga sansanonin da ke yankinku na Gadarif.

Amma bari in kai ga inda nake son zuwa. Yawan abokai ba laifi ba ne. Turkiyya tana cikin NATO kuma ta sayi makaman S-400 a hannun Rasha. Indiya tana sayen man Rasha tana ciniki da Amurka. Bambancinmu da su shi ne su ƙofa ɗaya gare su, mu gidanmu kowane ɗaki da ƙofarsa ta waje, kuma kowane mai ɗaki yana shigo da baƙinsa ba tare da sanin sauran ba. A Fabrairun 2020 Burhan, shugaban soja, ya gana da Netanyahu a Entebbe, majalisar ministoci ta fito ta ce ita ma a kafafen labarai ta ji. A Fabrairun 2022 Hamidti, shugaban rundunar Da'am Sari (RSF), ya sauka Mosko kwana ɗaya kafin Rasha ta auka wa Yukiren. Soja na da nasa abokai a Alƙahira, Da'am Sari na da nasa hanyoyin zinariya, jami'an tsaro na da nasu layin, 'yan siyasa kowa da ofishin jakadancin da yake shan shayi. Ma'aikatar harkokin waje sai dai a kawo mata takarda ta buga hatimi. Kuma da masu ɗakunan suka kaure da faɗa ranar 15 ga Afrilun 2023, kowa ya kira baƙinsa.

Musa (Riyad):
Nan kam ka taɓo inda yake ciwo, Ustaz.

Zainab (Damazin):
Ina ta karantawa tun ɗazu. Ku duka manyan ƙasashe kuke kallo, ni kogin da ke bayan gidanmu nake kallo. Madatsar Habasha tana nan kusa da iyaka, Rusairis tana ƙasanta. Babana masunci ne a tafkin, kawunnaina suna noman bakin kogi, su jira ruwa ya ja su shuka kuɓewa da kabewa da tumatir a laka. Duk rayuwarsu a kan lokacin cikar ruwa da janyewarsa take. To me Sudan take so game da madatsar nan? A Maris 2015 a Khartum aka sa hannu a kan ƙa'idojin farko, Bashir a tsakiyar Sisi da Hailemariam yana ɗaga hannayensu. A lokacin ana ta gaya mana alherinta: za ta rage ambaliya, za ta rage lakar da ke cika Rusairis da Sinnar, za mu sayi lantarki da arha, za a yi noma sau biyu ko uku a shekara. Bayan faɗuwar Bashir, da rikicin iyakarmu da Habasha a Fashaga ya tashi a ƙarshen 2020, sai bakinmu ya zama ɗaya da na Masar. Har aka ƙaddamar da ita a Satumban 2025 ba mu da yarjejeniya mai ɗaure kowa. Buƙatarmu ba irin ta Masar ba ce. Su yawan ruwa ne damuwarsu. Mu abin da muke so shi ne a gaya mana yaushe za a saki ruwa, kuma nawa, don mai jirgi kada ya kwana ya tarar da komarsa a kan tudu ko gonarsa a cikin ruwa. Wannan ƙaramar buƙatar ma sai ta bi ra'ayin wanda muke shiri da shi a shekarar.

Baffa Idi (Kasala):
Allah Ya yi miki albarka 'yata. Ki ƙara da Halayib, yankin da muke jayayya da Masar a kansa. Tun 1995, bayan yunƙurin kashe Mubarak a Addis Ababa, take hannun Masar. Idan an yi faɗa da Alƙahira sai a tuna da ita a jawabi, idan an shirya sai a yi shiru.

Sani (Kano):
Salam iyayena da yayyena. Ni ɗan Najeriya ne, a Jami'ar Afirka da ke Khartum na yi karatu, shi ya sa nake cikin zauren nan. Abin da kuke faɗa ba ku kaɗai ba ne. Mu ma muna tinƙaho da Janairun 1976, lokacin da Murtala ya tsaya a Addis Ababa ya yi watsi da wasiƙar Shugaba Ford kan Angola, ya goyi bayan ƙungiyar MPLA ta can. Amma ku tuna lokacin kuɗin mai ne, baitulmali cike. Ni shawarata ku dubi Nijar. Sun kori sojojin Faransa a 2023, Amurka ta bar sansaninta na Agadas a 2024. Wannan shi ne tsayuwa da ƙafa.

Hajiya Asabe (Jidda):
Ɗana Sani, da suka fita wa ya shigo?

Sani (Kano):
Rashawa sun zo, Hajiya, amma a matsayin masu ba da horo.

Hajiya Asabe (Jidda):
To.

Usman mai tumaki (Gadarif):
Sani ya faɗi abin da nake faɗa ba tare da ya sani ba: baitulmali cike. Mu ma lokacin da muka fara fitar da mai a 1999 tare da kamfanonin Sin da Malesiya, Bashir ya riƙa yi wa Amurka magana son ransa yana kaɗa sanda. Ranar 9 ga Yulin 2011 Kudu ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man. Daga nan aka fara yawon neman ajiya a babban banki. Ku tuna zanga-zangar Disamban 2018 daga burodi ta faro, da ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku. Bashir na faɗuwa a Afrilun 2019, Saudiyya da Imarat, wato Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suka yi alkawarin dala biliyan 3. Ga bashin waje sama da dala biliyan 50 a wuya. Don a cire mu daga jerin ta'addanci a Disamban 2020 sai da muka biya dala miliyan 335 na diyya, aka kuma haɗa mana da batun ƙulla hulɗa da Isra'ila, aka sa hannu a Khartum a Janairun 2021. Ustaz, da kai ne Hamdok, layin burodi tun asuba, layin mai kwana biyu, za ka ce a'a?

Ustaz Haruna (Madani):
Wataƙila da na sa hannu, Usman. Amma da na kai maganar gaban wakilan jama'a tukuna, don wanda zai zo bayana ya san alkawarin ƙasa ne. Kuma duba yadda aka ƙare: an biya kuɗin, an sa hannun, a Yunin 2021 aka buɗe mana ƙofar yafe bashi, ranar 25 ga Oktoba aka yi juyin mulki komai ya tsaya, Tarayyar Afirka ta dakatar da mu. Mun biya farashi ba mu ɗauki kaya ba.

Sannan ban yarda cewa hannunmu wofi ne ba. Ƙaro nawa duniya ke samu ba daga Kurdufan da Gadarif da Nilu Shuɗi ba? Mafi yawansa namu ne, har Amurka da ta sa mana takunkumi ta bar masa ƙofa saboda kamfanoninta na lemo da magani. Ga riɗi, ga dabbobi, ga zinariya, ga gaɓar teku mai tsawon kilomita ɗaruruwa da kowa ke kwaɗayi. Sai dai kowanne ɗanye yake fita, kuma ta ƙofa ɗaya. Ka dubi abin mamaki: a Maris 2025 gwamnati ta kai Imarat kotun duniya da ke Hague tana zarginta da taimakon Da'am Sari, zargin da Imarat ke musantawa. A Mayu kotun ta ce ba ta da hurumi, gwamnati ta yanke hulɗa. Alhali shekara da shekaru kusan duk zinariyar da muke fitarwa a hukumance Dubai take zuwa. Wa ya hana mu neman kasuwa ta biyu tun ana zaman lafiya?

Zainab (Damazin):
Kuma a Landan ranar 15 ga Afrilun 2025 aka yi taro a kan Sudan ba a gayyaci gwamnatin Sudan ba. A Satumba ƙasashe huɗu, Amurka da Saudiyya da Masar da Imarat, suka fitar da jadawalin tsagaita wuta na wata uku. Mu a waya muka gani kamar kowa.

Musa (Riyad):
Yaya Zainab, to in ba su yi ba wa zai yi? Mu da kanmu mun kasa zama a ɗaki ɗaya. Mahaifiyata tana Kosti, ni duk wanda zai tsayar da harbin nan ina maraba da shi, ko daga ina ya fito.

Baffa Idi (Kasala):
Babu wanda zai ga laifinka, Musa. Amma ka sa ido a kan abin da za a nema bayan harbin ya tsaya. Ba a taɓa raba mana faɗa kyauta ba.

Usman mai tumaki (Gadarif):
Ni har yanzu ina kan bakana, talauci ne uwar matsalar. Amma na yarda da Ustaz a abu ɗaya, batun tashoshin ruwa. A Disamban 2022 aka sa hannu da kamfanonin Imarat kan gina tashar Abu Amama a kan dala biliyan 6, a ƙarshen 2024 aka ce an soke. Mu da kayanmu ke bi ta teku ba mu ga takardar shigarta ba, ba mu ga ta fitarta ba. In da za a ce duk mai son wuri a gaɓar nan ya kawo tayinsa a fili, a karanta a majalisa, kowa ya ji shekara nawa da nawa za a biya, da ni ma na san inda zan sa kuɗina.

Sani (Kano):
To sansanin jiragen ruwan Rasha da ake ta magana fa, an gina shi?

Ustaz Haruna (Madani):
Ba a gina ba. Tun ziyarar Sochi ta 2017 aka fara zancen. A 2020 Rasha ta fitar da daftarin: shekara 25, mutum 300, jiragen yaƙi huɗu, kusa da Bur Sudan. A 2021 sojojinmu suka ce suna sake dubawa. Da Lavrov, ministan harkokin wajen Rasha, ya zo Khartum a Fabrairun 2023 aka ce ana jiran majalisar dokoki ta amince. Duk lokacin da aka ji haushin Amurka sai a ɗauko maganar, in an ga alamar sassauci a mayar da ita aljihu.

Hajiya Asabe (Jidda):
Wace majalisar dokokin ake jira, Ustaz?

Ustaz Haruna (Madani):
Wadda takardar tsarin mulkin riƙon ƙwarya ta Agustan 2019 ta ce a kafa cikin kwana 90, Hajiya. Har aka yi juyin mulkin 2021, har yaƙi ya ɓarke, ba a kafa ta ba.